Mai Jan Gaban Zabib

Maigatari,
12 ga Oktoba.

Zuwa ga Baban Bilki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Gwaggo tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida ba sanda. Bilki ta shiga aji huɗu. An yi girbi, gero ya yi kyau, wake ne tsutsa ta ɓata.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Da gangan na yi. A waya in na ɗauko magana sai ka ce insha Allah, ko layi ya yanke, ko ka ce kafili, ubangidanka na can, na kiranka. Wannan kuwa a hannunka za ta zauna. Amsar ma a rubuce nake son ta, ka kai wa Almustafa a shagonsa na Manfuha ya haɗo da masu zuwa gida.

Shekara bakwai ke nan da wata biyu rabonmu da kai. Bilki tana goye ka tafi, jiya kuwa tambaya ta take ko kai dogo ne. Ban ce ba ka aike ba, kana yi, Allah ya saka. Amma aike ba ya amsa sallama. Da Baba ya rasu, kawunka ne, ƙanin mahaifiyarka, a waya ka yi mini ta'aziyya kamar wani maƙwabci. Na haɗiye, domin ni 'yar kawunka ce tun kafin in zama matarka, kuma ba na son a ce ta kaina zumunci ya lalace.

To yanzu na gaji, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. In ruwan shuka ya sauka baɗi ba ka cikin gidan nan, zan je gaban alƙali in nemi a raba auren. Ba barazana ba ce, ba kuma wasan taubasai ba ne. Na faɗa wa Gwaggo kafin in rubuta, ta yi kuka, amma ba ta ce in fasa ba.

Ka amsa mini da rana, ba da insha Allah kaɗai ba.

Taka,
Sailuba.

Riyad,
9 ga Nuwamba.

Zuwa ga Sailuba,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai ɗan tari na shigowar sanyi. Ki gaishe mini da Inna da Bilki, ki ce wa Bilki ni ba dogo ba ne, amma na fi uwarta.

Takardarki ta iso ran Juma'a da na shiga Manfuha. A bakin shagon Almustafa na karanta ta, na kasa cin abincin da aka zuba mini. Ba ki faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Sai dai ki sani, mai irin iƙamata, wato takardar zama ta ma'aikacin gona, ba ya barin ƙasar nan sai kafili ya sa hannu a huruj, wato izinin fita. Sau nawa na roƙi kafilina Abu Nayif? Kullum bukra. Gobensa ba ta wayewa.

Wannan karon na je har gidansa na Suwaidi na faɗa masa komai. Sai ya ba ni sharaɗi. Bari in yi miki bayani.

A gonarsa ta bayan gari, inda nake shekara uku yanzu, akwai dawaki biyu da wani ƙuru, ɗan guntun doki da bai wuce ƙuguna ba. Sunansa Zabib. Shekararsa goma sha tara, baki ya fara furfura. Na jikarsa ne, Rim, tun tana 'yar shekara huɗu take hawansa. Bara suka yi haɗarin mota, ƙafafunta suka mutu. Yarinyar ta daina magana da kowa, ta daina fita. Kakan ya sayo wani ɗan keken doki mai ƙafa biyu daga waje, da kayan fata masu tsada, wai ta zauna a ciki ta riƙe linzami da kanta. An ce a sayo ƙuru horarre, ta ce in ba Zabib ba ba ta so.

Abu Nayif ya ce mini, "Ya Ishaƙ, ranar da Rim ta zagaya gonar nan ita kaɗai da Zabib, wallahi ranar zan sa hannu. Halas." Ya rantse a gaban ɗansa.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Washegari na ɗaura masa kayan, ni da Hamissou, wani ɗan Damagaram mai kula da dabino, muka turo keken muka haɗa. Yana jin ƙarar taya a bayansa ya zabura. Ya ja keken ya buga da bututun ruwa, sanda ɗaya ta karye, ni kuma na sha ƙasa. Kwana biyu ko kallon inda nake ba ya yi. Dabbar da ta shekara goma sha biyar ana hawa bayanta, rana ɗaya a ce wani abu na bin ta a baya, ai dole ta tsorata. Laifina ne.

Shi ne na tuna Kawu Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa. Duk ƙasar Gumel an san shanun huɗar da ya hora, har tsohon bijimin da kowa ya kasa ana kawo masa. Ni lokacin ina Kano ina bin mota, ban koyi komai ba. Ke ce kike bin sa gona. Don Allah ki rubuto mini yadda yake yi, ɗaya bayan ɗaya. Na san sa daban doki daban, amma tsoro ɗaya ne.

Kin ce in ba ki rana. Ga ta nan, tana wuyan Zabib.

Naki,
Isiyaku.

Maigatari,
3 ga Disamba.

Baban Bilki,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Gwaggo ta ce ka sha citta da zuma saboda tarin.

Na karanta, na yi dariya har Bilki ta leƙo. Wato aurena yanzu yana hannun wani tsohon ƙuru mai furfura. Mutum ya bar garinsu da sunan direba, ya ƙare yana kokawa da doki mai tsawon tunkiya, har dokin ya kayar da shi. Da ba ɗan Gwaggo ba ne kai da na ce Allah ya ƙara. Yarinyar dai ta ba ni tausayi, Allah ya ba ta lafiya.

Ga yadda Baba yake yi, ka karanta da kyau, kada ka tsallake.

Da fari ka manta da keke. Kwana uku ka zauna kusa da shi kawai, ka ba shi dusa da hannunka. Sannan ka sa masa kayan ka bar su a jikinsa yana yawo, yana ci yana sha da su, har ya daina waiwayensu. Sannan ka ɗaura igiya biyu suna jan ƙasa a bayansa. In ya saba, ka ɗaura reshe mai ganye don ya ji ƙara. In ya saba, gungume. Baba yana cewa ba nauyi dabba ke tsoro ba, abin da ba ta gani take tsoro.

Duk wannan kana gabansa riƙe da ragama, wani kuma yana baya riƙe da igiya. Amma ka kula: na baya shi ke magana. Shi zai ce a tafi, shi zai ce a tsaya. Kai na gaba bakinka a rufe, ƙafa kawai gare ka.

Sai abu na ƙarshe, wanda Baba ke kira yaye, shi ne ya bambanta shanunsa da na kowa. Da dabba ta fara ja da kyau, kada a wuce mako uku, sai na gaba ya janye. Baba yakan saki ragama ya je bayan wata tsamiya ya ɓuya, ya bar ni da igiya a baya. San zai tsaya cak, ya yi ta kuka, ya tona ƙasa, wani har ya ji wa kansa ciwo. Ni ma in yi ta kuka ina kiran Baba. Ba ya fitowa. Kwana uku ake haka, a na huɗu sai ka ga san ya ɗaga ƙafa da muryar na baya kaɗai. Wanda ya ji tausayi ya fito, ya ɓata dabbar har abada, kullum sai da mai jan gaba.

Na rubuta maka wannan ne don ina so ka dawo, ba don kafilinka ba. Alkawarina na nan yadda yake.

Sailuba.

Riyad,
15 ga Janairu.

Sailuba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da Inna da Bilki. Tari ya tafi. Sanyi kuwa ya yi tsanani a gonar nan, da safe ruwan kwami kamar ƙanƙara.

Albishirinki! Hanyar Kawu tana ci. Allah ya kai haske kabarinsa.

Na yi yadda kika ce. Kwana uku ina zaune kan bokiti a kusa da shi. Dusa ba ta dame shi ba, dabino yake so, wanda ya faɗo ƙasa. A rana ta uku ya zo da kansa ya sa hanci a aljihuna. Kayan fatar ya yi mako da su. Gungume babu a nan, sai na ɗaura tsohuwar tayar mota. Ranar farko ya yi rawar jiki, gumi ya jiƙa shi duk sanyin nan, amma da na yi gaba ya biyo ni. Ran Litinin da ta wuce muka haɗa keken da aka gyara. Sailuba, ya ja! Sau uku muka zagaya tsakanin dabinai, Hamissou yana zaune a ciki yana kabbara kamar ya ga watan Sallah.

Abu biyu na ɗan sauya. Hamissou in ya yi magana daga baya, Zabib ba ya kula shi, to sai na riƙa faɗa da kaina. Yanzu yana jin Hausa sarai, "mu je" da "tsaya". Sannan akwai wasu fatu da ake kare masa gefen ido da su, na cire, domin in bai gan ni sosai ba hankalinsa ba ya kwanciya.

An kawo Rim ranar Alhamis ta gani daga cikin mota. Har ta sauke gilashi. Kakanta ya riƙe hannuna ya ce, "Mumtaz, ya Ishaƙ," wato aiki ya yi kyau.

Ki ga ikon Allah, ko ragama ban cika riƙewa ba yanzu. In na tsaya ya tsaya, in na juya ya juya, in na shiga ɗaki ya tsaya a ƙofa yana jira. Wallahi tun da nake ban taɓa samun wanda ya bi ni haka ba, babu tambaya babu gardama. Mutum in ya daɗe a ƙasar da ba a kiran sunansa daidai, irin wannan yana sanyaya masa rai.

Ki fara shiri. Ina ganin kafin azumi ina gida.

Naki,
Isiyaku.

Maigatari,
6 ga Fabrairu.

Malam,

Sallama. Muna lafiya.

"Ban taɓa samun wanda ya bi ni haka ba, babu tambaya babu gardama." Sau biyar na karanta wurin nan. To na ji. Ni ce mai tambaya, ni ce mai gardama. Ni da na bar ɗakin da Baba ya gina mini na koma ɗakin uwarka ina yi mata wanka lokacin da ƙafa ta kwantar da ita. Ni da ka ce shekara biyu, na ce to. Ka ce a ƙara biyu, na ce to. Ashe duk ba bi ba ne, sai na tsaya a ƙofa ina jira a ba ni dabinon da ya faɗo ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma gara ka sani.

Ban da wannan, ka ɓata aikin. Na ce na baya ke magana, ka karɓe maganar. Abin da aka yi don ya daina neman ka da ido, ka cire. Shafi guda ka cika da labari, babu kalma ɗaya a kan yaye. Mako nawa yanzu? Ka janye ko ba ka janye ba? Sabo turken wawa ne, kuma ban san waye aka ɗaure a cikinku ba, kai ko shi.

Ka janye gobe-goben nan. Ka ba Hamissou linzami ka ɓace masa.

Kuma ka sani, jiya na je gaban alƙali, Basiru ƙanena ya raka ni. Na kai takardunka biyu. An kira yayanka ya tsaya a madadinka. Alƙali ya ba ka wa'adi zuwa ƙarshen watan Sha'aban. Ban jira ruwa ba, domin na ga alamar inda aka dosa.

Sailuba.

Riyad,
20 ga Maris.

Sailuba,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Juma'a takwas ina zuwa shagon Almustafa, ya ce babu komai. Na kira wayar Basiru sau uku, ya ce kin ce abin da ke bakinki yana takarda. Wace takarda? Ko albishir ɗin ne bai yi miki daɗi ba? Ina Inna, ina Bilki?

Akwai abin da ban so in faɗa ba, amma ke kaɗai za ki gane. Na gwada yayen. Na makara, na sani, sai da aka yi wata biyu. Na bar Hamissou a keke na shige bayan ɗakin injin ruwa. Zabib ya tsaya. Ya ɗaga kai yana neman ta ina na bi. Sai ya fara wani kuka da ban taɓa jin doki ya yi ba, siriri, kamar na jariri. Hamissou ya ce mu je, ya kaɗa linzami, sai ya yi baya da baya, keken ya karkace, ya faɗi a kan gwiwa a bakin kankare. Ina leƙe ta jikin bulo na ga jini.

Na fito, Sailuba. Ban san lokacin da na fito ba. Ya sa kansa a ƙirjina jikinsa yana ɓari. Tsoho ne, ba ɗan maraƙi ba. Na ce a raina, wannan ya ba mutane bayansa shekara goma sha biyar, yanzu da ya samu wanda ya yarda da shi, shi ma ya yi masa dabara? Mako biyu ina wanke gwiwar. Ban sake gwadawa ba.

Amma ina da shawara. Rim tasa ce tun tana ƙarama, ya san muryarta. Na koya mata "mu je" da "tsaya", tana faɗa tana ɗan murmushi. In ita ce a baya, ina ganin zai tafi. Abu Nayif ya sa rana bayan ta gama ganin likita a wata mai zuwa.

Ki yi mini addu'a, ki kuma amsa ko layi biyu ne.

Naki,
Isiyaku.

Riyad,
11 ga Mayu.

Sailuba,

Sallama. Takardarki ta Fabrairu sai shekaranjiya ta zo hannuna. Matar da aka ba ta zo Umra ne, ta manta da ita a jaka, sai da za ta koma ta bar wa wani a Makka, shi kuma ya riƙe har ya samu mai zuwa Riyad. Wata uku. Ƙarshen Sha'aban saura mako biyu.

Maganar da ta ɓata miki rai, wallahi ba da ke nake ba. Ko kusa. Daɗi ne ya kwashe ni na rubuta abin da ya zo bakina. Ki yafe mini.

An yi gwajin ran Asabar bayan la'asar. Duk gidan suka zo daga Suwaidi, mota huɗu, aka shimfiɗa darduma, aka kawo gahawa. Aka ɗauko Rim aka zaunar da ita a keke aka ba ta linzami. Ni na tafi can bayan wani dabino na tsaya.

Ta ce, "Yalla, Zabib." Shiru. Ta ce, "Mu je," da Hausarta mai daɗi. Ya motsa kunne, ya waiwaya ya dube ta, sannan ya juyo da kai daidai bishiyar da nake. Ya san ina nan. Ta faɗa sau goma ko fiye. Ta kaɗa linzami. Ko ƙafa bai ɗaga ba. Sai na ji muryar yarinyar ta fara rawa, ta saki linzamin ta rufe fuska.

Kakanta ya ɗaga murya, "Ishaƙ! Ta'al, zo ka shiga gaba."

Me zan yi? Na fito na shiga gaba. Ban ma ce komai ba ya biyo ni. Muka zagaya gonar, Rim tana riƙe da linzamin da ba ya aikin komai, tana dariya har da ƙyaƙyatawa. Uwarta ta ce rabon da a ji wannan dariya tun kafin haɗarin. Sau shida muka zagaya. Kowa yana tafi, ni ina tafe a gaba ina jin kamar gawata ake yi wa salla.

Abu Nayif ya sumbaci kaina a gaban mutane. Washegari ya aiko mini da sabon takalmi mai laushi, irin na masu yawan tafiya. Da na yi maganar huruj sai ya ce, "Me na rantse a kai? Na ce ita kaɗai. Ita kaɗai ta zagaya?" Gaskiyarsa ce kuwa. Yanzu kullum bayan la'asar ana kawo ta. Jiya na kai masa takardarki, aka fassara masa. Ya ce mata suna da haƙuri, in bari zafi ya wuce, zuwa sanyi sai a ga yadda za a yi.

Na roƙe ki don Allah, don zumunci, don darajar Kawu, ki koma ki ce a ƙara mini zuwa sanyi. Zan sake gwada yayen in gwiwar ta yi ƙwari. Ni dai ba zan rubuta miki saki da hannuna ba, ko za a yanka ni.

Mijinki,
Isiyaku.

Maigatari,
8 ga Yuli.

Yaya Isiyaku,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan an sha ruwa lafiya. Gwaggo tana lafiya, Bilki tana lafiya. Na yi mata ɗinki da abin da ka aiko, ya yi mata kyau.

Ka ga yadda na kira ka, ka san sauran. Takardarka ta iso kwana huɗu kafin wa'adi, na kai wa alƙali da hannuna, ban ɓoye ba. Ya karanta har ƙarshe. Ya tambaye ni ko zan ƙara zuwa sanyi. Na ce ranka ya daɗe, sanyi bakwai na ƙara. Ya raba auren. Yayanka yana wurin. Ina idda a gidan Baba. Abincin Gwaggo kullum daga hannuna yake zuwa kamar da, wannan ba alƙali ne ya ɗaura ba balle ya kwance.

Maganar nan ta bi, na yarda ba da ni kake ba. Na yafe. Ba ita ta raba mu ba.

Abin da ya raba mu yana cikin takardarka ta Maris. Na karanta yadda ka ji kukansa daga bayan ɗakin inji, ka ce ba ka san lokacin da ka fito ba. A nan na ajiye takardar na shiga ɗaki. Ashe kana da irin wannan zuciyar. Ashe in abu ya yi kuka kana fitowa. Ni na yi nawa a waya, na yi a takarda, na yi ranar da aka fita da Baba, kana ji. Ban ji haushin dabba ba, ban ji haushin yarinyar mutane ba, Allah ya ba ta lafiya. Kai na ji wa, har yanzu kuma ina ji.

Ruwa ya sauka ran sha biyu ga azumi. Basiru ya huɗe mini gonar da shanun nan biyu, na ƙarshe da Baba ya hora. Sun tsufa, amma layinsu kamar an ja da zare, kuma babu kowa a gabansu. Na tsaya a bakin gona na daɗe ina kallo.

Saura magana ɗaya, a matsayina na 'yar kawunka, domin Gwaggo tana son ta gan ka kafin ta koma ga Allah, Bilki kuma har yanzu ba ta san tsawonka ba. Ƙurun bai gama lalacewa ba. Baba ya taɓa gyara irinsa. Ka mayar masa da fatun ido. Ka daina ba shi dabino, Hamissou ya riƙa ba shi. Ranar yaye kada ka ɓuya a gonar, yana jin warinka. Ka shiga mota ka tafi Manfuha, ka kashe waya, ka yi kwana uku. Zai yi kuka, zai ƙi ci, watakila ya sake fasa gwiwar. Za ka ɗauka mutuwa zai yi. Ba zai mutu ba. Wata safiya zai gaji da kallon inda ka bi, a ce mu je, ya ɗaga ƙafa ya tafi, kuma daga ranar ko ka dawo ka tsaya a gabansa, kewaye ka zai yi.

Kada ka yi shakka a kan wannan. Ka riga ka gwada a kaina, ya yi.

Ka gaishe da Hamissou.

'Yar'uwarka,
Sailuba.